Kwana 11 a ɗakin maza: sharhi kan hidimar babban asibitin jiharmu bayan gyara

A bazarar da ta wuce na yi kwana 11 ina jinyar mahaifina a wani babban asibitin gwamnatin jiha, ɗaya daga cikin waɗanda aka yi wa kwaskwarima aka sake buɗe su da biki. Ba zan ambaci sunan asibitin ko na wani ma'aikaci ba, domin ba na so abin da suka faɗa mini cikin amana ya zame musu takardar tuhuma. Baba ya haura shekara 70, yana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma wani ɗan rauni ne a tafin ƙafarsa ya ƙi warkewa har ya fara ruwa, zazzaɓi mai zafi ya biyo baya. Na taɓa yin jinyar ƙanena a wannan asibitin kafin gyaran, saboda haka ina da abin da zan kwatanta da shi. Hukuncina a taƙaice shi ne gini da kayan aiki da tsarin biyan kuɗi sun inganta ƙwarai, amma hidimar da majinyaci ke samu a kan gadonsa har yanzu tana rataye a wuyan mutane ƙalilan da gajiya ta cinye, waɗanda gyaran bai waiwaye su ba.

Mun isa sashen agajin gaggawa da misalin ƙarfe 9 na dare, kuma a nan ne na fara ganin bambanci. Fitilu a kunne suke saboda an sanya sola, fankoki na juyawa, ga gadajen tura marasa lafiya masu taya waɗanda ba sai an cicciɓe su ba. A zuwana na baya da fitilar waya aka nemo jijiyar ƙanena. Wannan karon ma'aikacin jinyar da ya tarbe mu ya auna jinin Baba da sugansa, ya sanya masa ƙarin ruwa, sannan ya ce in je in yanki kati. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili, amma duk wanda ya saba da asibitocinmu ya san tazarar da ke tsakanin abin da doka ta ce da abin da ake yi a ƙofa. A wannan daren an bi dokar, kuma ina yaba musu a kan haka ba tare da wani sharaɗi ba.

Ɗakin kati ya koma amfani da kwamfuta. Ana ba majinyaci lamba, idan ya dawo ba sai an shiga tonon tsofaffin fayil a kan kanta ba. Tsari ne mai kyau, kuma da safe idan intanet na aiki layin yana tafiya da sauri. Sai dai na lura mutum ɗaya ne a tagar, kuma kowane suna sau biyu yake rubuta shi, a kwamfuta da kuma cikin babban littafin rajista, domin in intanet ya ɗauke littafin ne madogara. Sabon tsarin bai ɗauke masa tsohon aikin ba, ɗora masa wani aka yi a kai. Ranar da na'urar ta tsaya na kusan awa 2, mutanen da ke layi shi suka riƙa yi wa tsawa, alhali ba shi ya ƙulla kwangilar intanet ba, ba shi kuma da lambar wanda zai kira ya gyara.

Biyan kuɗi ma an tattara shi wuri guda, ana biya da katin banki ko ta waya a karɓi rasit, an kuma rubuta a bango cewa kada a miƙa wa kowane ma'aikaci kuɗi a hannu. Cikin kwanakin nan duka babu wanda ya nemi ko sisi a wurina. A ɗakin magani na samu yawancin abin da aka rubuta wa Baba, a farashin da ya yi ƙasa da na kemis ɗin da ke bakin ƙofa. Asibitin yana aiki da asusun magani mai juyawa, wato a sayar da magani a mayar da kuɗin asusu a sake saro wani, tsarin da ya samo asali daga shirin da ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi a Bamako a 1987. Tsohon tsari ne, kuma inda aka riƙe shi da amana yana aiki. Sau biyu kawai aka tura ni waje, sau ɗaya don tsinken gwajin suga, sau ɗaya don wata allurar kashe ƙwayoyin cuta. Waɗanda ke da inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta wa kowane ɗan Najeriya ko da yake mafi yawanmu ba mu shiga ba tukuna, suna da tasu tagar daban, kuma na ga suna daɗewa fiye da mu saboda yawan takardun da ake cikewa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yana cikin ɗakin kwanciya na maza. Ɗaki ne mai gado 30, an yi masa sabon fenti, an sanya tayil da ragar sauro a tagogi, katifun kuma sababbi ne masu rufin leda. A duk tsawon zamanmu gadon da babu kowa a kai bai wuce biyu ba, kuma da an sallami wani kafin la'asar an kawo wani. Da safe ma'aikatan jinya uku ne, wani lokaci da ɗalibai masu koyon aiki. Da yamma biyu ne. Da dare kuwa, daga ƙarfe 9 har wayewar gari, a mafi yawan kwanakin mace ɗaya ce tal, tare da wani dattijo mai shara da ke taya ta ɗaga marasa lafiya. A cikin mutanen da ke kwance akwai masu shanyewar ɓarin jiki da ake buƙatar juya su lokaci zuwa lokaci don kada bayansu ya yi gyambo, akwai masu ciwon ƙoda da ake auna fitsarinsu, akwai wanda ke kan iskar oksijin, ga irin su Baba da ake yi wa allura kowace awa 8 ana kuma bin sugansu. Duk wanda ya zauna ya lissafa zai gane cewa ko da ba ta zauna ba, ba ta yi salla ba, ba ta sha ruwa ba, daren ba zai ishe ta ta ba kowa haƙƙinsa a kan lokaci ba.

Dare na huɗu ba zan manta da shi ba. An yi wa Baba allurar insulin da yamma, amma tuwon da aka kawo daga gida loma biyu kawai ya yi ya ture, ni kuma ban san cewa wannan abin faɗa ba ne. Wajen ƙarfe 2 na dare Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare, ta zo wucewa za ta canza wa maƙwabcinmu robar ƙarin ruwa, sai ta tsaya ta dubi Baba, wanda ni a zatona barci yake yi. Ta taɓa goshinsa ta ji gumi ya jiƙe shi, ta kira shi bai amsa da kyau ba.

"Malam, Baba ya ci abincin dare kuwa?"

Na ce bai ci sosai ba. Ba ta ƙara cewa komai ba, ta ɗauko na'urar gwaji ta soki yatsansa, ta ga sugan ya faɗi ƙasa sosai, nan take ta ɗura masa ruwan suga ta jijiya, ta aika mai shara ya kira likita. Cikin 'yan mintuna Baba ya buɗe ido ya tambaye ni ko an kira asuba. Da ta dawo duba shi, ya kama gefen gadon ya ɗan ɗago ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ta ce, "Amin Baba, amma gobe sai ka cinye abincinka, in ba haka ba ni da kai ne." Sannan ta zaunar da ni ta yi mini bayanin alamomin faɗuwar suga, ta ce in ajiye dabino ko lemo mai zaƙi kusa, in kuma sanar da ita duk lokacin da bai ci abinci ba. Na yi ta tunani daga baya cewa da ruwan maƙwabcinmu bai ƙare a daidai wannan lokacin ba, da babu abin da zai biyo da ita ta gefenmu sai zagayen asuba. Ƙwarewarta ce ta ceci Baba da izinin Allah, amma tsarin aikin bai ba ta damar da za ta riƙa leƙa kowane gado a kai a kai ba.

Dare na bakwai kuma na ga ɗaya fuskar al'amarin. Allurar da ya kamata a yi wa Baba ƙarfe 10 ba a yi ta ba sai bayan ƙarfe 1. Na je teburinsu sau uku ban sami kowa ba, raina ya ɓaci, har na shirya maganganun da zan faɗa. Da na leƙa ƙarshen ɗakin sai na tarar da ita a bayan labule tana fama da wani bawan Allah da numfashinsa ya sarƙe, kuma kafin asuba Allah ya karɓi ransa. Ita ce ta rufe shi, ita ta lallashi 'ya'yansa, ita ta cike takardu, sannan ta wanke hannu ta zo ta ba Baba haƙuri a kan jinkirin allura. A matsayina na mai sharhi dole in rubuta cewa jinkirin awa 3 a maganin kashe ƙwayoyin cuta gazawa ce a hidima, kuma ba sau ɗaya hakan ya faru ba. Amma ba zan iya rubuta cewa gazawarta ce ba.

Washegari da ta zo karɓar aiki na gaishe ta, na ce, "Sista, ya gajiyar jiya?" Ta ce gajiya ta bi lafiya. Muka ɗan taɓa hira kafin ta fara zagaye, kuma a nan na ji cewa darenta na biyar ke nan a jere, domin abokiyar aikinta ta tafi hutun haihuwa ba a kawo madadinta ba, wasu biyu kuma sun bar aiki tun bara. Ɗaya ya samu gurbi a asibitin gwamnatin tarayya inda albashi ya fi, ɗaya ta tafi Saudiyya. Ta ce lokacin gyaran an kwashe su zuwa wani ɗaki na wucin gadi, an dawo da su sun tarar da komai sabo, an ƙara gadaje, amma babu wanda ya tambaye su ko mutum nawa ake buƙata don kula da ƙarin gadajen. Ta nuna mini ɗakin hutunsu, wani ɗan lungu mai benci ɗaya da tsohuwar katifa, babu fanka, kuma banɗaki ɗaya suke amfani da shi da masu jinya. Fentin da aka yi wa ɗakin marasa lafiya a bakin ƙofar wannan lungun ya tsaya.

Ƙarancin ma'aikata ba matsalar wannan asibitin kaɗai ba ce, kuma hukumomi da bakinsu sun faɗi girmanta. A watan Fabrairun 2024 magatakardan Majalisar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Najeriya ya ce ma'aikatan jinya kimanin 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara 3, sama da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke da lasisin aiki a ƙasar kimanin 55,000 ne, kuma tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun fice cikin shekara 5, sannan waɗanda suka rage sun fi taruwa a Legas da Abuja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙasa na buƙatar aƙalla likitoci da ma'aikatan jinya da unguwarzoma 4.45 ga kowane mutum 1,000, kuma Najeriya na cikin jerin ƙasashe 55 da hukumar ta fitar a 2023 waɗanda ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya fi tsanani. Mu a Arewa muna shan wannan ta fuska biyu, domin wanda bai tafi Ingila ko Saudiyya ko Kanada ba yakan bar asibitin jiha ya koma na tarayya, inda ake biyan cikakken tsarin albashin likitoci da na sauran ma'aikatan lafiya, wanda jihohi da dama kaso kawai suke biya daga cikinsa. Asibitin jiha, wanda shi ne mafakar talaka, shi ke zama a ƙarshen layi.

Gwamnatin tarayya ta amince da wata manufa ta musamman kan hijirar ma'aikatan lafiya a watan Agustan 2024, an kuma ƙara yawan ɗaliban da makarantun koyon aikin lafiya ke ɗauka. Matakai ne da nake maraba da su. Amma a ɗakin da Baba ya kwanta na haɗu da matasa biyu da suka kammala makarantar koyon jinya, suna da lasisi, suna zuwa aiki a matsayin 'yan sa-kai da fatan wata rana a ɗauke su. Suna wanke ciwo, suna yin allura, suna auna jini, kuma abin da ake ba su a ƙarshen wata ba ya isar su kuɗin adaidaita. Ɗaya daga cikinsu ne ya fi yawan wanke ƙafar Baba, kuma hannunsa na da taushi da tsafta, yana yi yana jan Baba da hirar noman gero don ya ɗauke masa hankali daga zafin. Abin takaici ne a ce ɗakin da ke kukan rashin ma'aikata yana da ƙwararru a tsaye a cikinsa waɗanda ba a ba su takardar kama aiki ba.

Game da likitoci, zagayen safe ana yin sa kullum ban da Lahadi, kuma babban likitan da ke zuwa sau biyu a mako ya duba ƙafar Baba da kyau, ya yanke shawarar a kankare mataccen naman a ci gaba da magani maimakon a yi gaggawar yanke yatsa. Shawararsa ta yi daidai, kuma har gobe muna yi masa addu'a. Ƙaramin likitan da ke kwana shi ne abin tausayi. Shi ke duba sashen gaggawa, shi ake kira ɗakin maza da na mata, kuma na gan shi da riga ɗaya daga safiyar Juma'a har yammacin Asabar. A wannan yammacin ya rubuta adadin insulin na wani majinyaci a cikin fayil ɗin Baba. Ma'aikaciyar jinyar da ke aiki ce ta lura adadin ya saɓa da na kwanakin baya, ta bi shi ta ce, "Likita, don Allah a sake duba wannan." Ya duba, ya riƙe kai, ya gyara, ya yi mata godiya, sannan ya zo da kansa ya gaya mini abin da ya faru. Na girmama shi saboda wannan gaskiyar. Ba jahilci ne ya jawo kuskuren ba, kuma ba sakaci ba ne. Mutum ne mai jiki da jini da ya haura awa 30 bai runtsa ba. Ba banza ba ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa ta umarci mambobinta a 2025 da kada su riƙa wuce awa 24 a jere a bakin aiki. Wannan umarnin yana kare majinyaci kamar yadda yake kare likita.

Akwai wani ɓangare na gyaran da ake yawan alfahari da shi, wato na'urar dangwala yatsa da aka girke a bakin ofishin mulki don kama masu makara da masu fashin aiki, tare da lambar waya a bango ta kai ƙorafi. Ban raina wannan ba. A jinyar ƙanena na ga yadda wasu ma'aikata ke zuwa ƙarfe 10 su tafi da azahar zuwa asibitocinsu na kuɗi, kuma wannan karon ban ga haka ba. Sai dai na'urar lokacin zuwa take ƙirgawa a yanke albashin wanda ya makara, amma babu wanda ke biyan wadda ta tashi ƙarfe 8 na safe maimakon 7 saboda mai karɓarta bai iso ba, balle wadda ta yi dare biyar a jere. Lambar ƙorafin ma ta majinyata ce kawai. Da na tambayi wani ma'aikaci inda su suke kai nasu kukan idan safar hannu ta ƙare ko wani ɗan'uwan majinyaci ya zage su, sai ya ce sukan faɗa wa shugabar ɗaki, ita kuma ta rubuta, daga nan sai jira. A idona wani matashi ya ɗaga hannu zai mari ma'aikaciyar jinya saboda an ce ya fita lokacin zagayen likita, kuma mu masu jinya ne muka riƙe shi, domin mai gadi yana can bakin babbar ƙofa.

Batun kuɗi ma'aikatan ba su cika son tayar da shi a gaban baƙo ba, amma lissafin a fili yake. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma kuɗin mota da na abinci sun riga sun yi gaba. Alawus ɗin haɗarin aiki ya shafe shekaru a kan naira 5,000 a wata kafin gwamnatin tarayya ta ɗaga shi a ƙarshen 2021 zuwa tsakanin naira 15,000 da 40,000 gwargwadon matsayi, kuma kowace jiha ita ke yanke wa kanta ko za ta bi. Haɗarin kuwa na gaske ne, domin a watan Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Kano bayan sun kamu da shi a bakin aiki. Idan aka ji ma'aikatan jinya sun shiga yajin aikin gargaɗi, kamar wanda suka fara ranar 30 ga Yulin 2025, mukan yi musu kallon marasa tausayi, ni ma a da haka nake kallonsu. Amma cikin buƙatunsu har da ɗaukar ƙarin ma'aikata da gyara alawus ɗin aikin dare, kuma bayan abin da na gani, na fahimci cewa buƙatar farko tawa ce ni mai jinya kafin ta zama tasu.

Ba zan ɓoye ba cewa akwai wanda ya ɓata mini rai. Wani ma'aikacin jinya da ya daɗe a aikin yana amsa tambaya da tsawa, ba ya duban fuskar mai magana, kuma ya taɓa ce wa wani tsoho da ke nishi ya yi shiru ba shi kaɗai ne mara lafiya ba. Wannan ba daidai ba ne, kuma babu gajiyar da ke halatta wulaƙanta dattijo a kan gadon ciwo. Duk da haka abokan aikinsa sun ce a da yana cikin masu haba-haba da jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan yanayin cikin kundinta na rarrabe cututtuka a 2019 a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa, ta kuma bayyana alamominsa da ƙarewar kuzari, da janyewar zuciya daga aikin, da raguwar ƙwazo. Ruwa ba ya tsami banza. Asibitin da ya damu da yadda ake karɓar majinyata zai tsawata wa irin wannan ma'aikacin, zai kuma binciki abin da ya mayar da shi haka, ya ba shi hutunsa na shekara da aka ce ya daɗe bai samu ba.

Na fahimci dalilin da ya sa gwamnatoci ke fara gyara da gini. Gini ana ganinsa, ana yanke masa kyalle, kuma sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, alhali ɗaukar ma'aikaci nauyi ne na kowane wata har ya yi ritaya. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a watan Afrilun 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wa nan ba, jihohin da suka kai a rubuce kuma sai a duba nawa aka saki da kuma inda ya tafi. Amma asibitin da ya yi kyau yana jawo ƙarin jama'a, kuma haka ya faru a nan, domin na ji mutane daga ƙananan hukumomi masu nisa suna cewa labarin gyaran ne ya kawo su. Nasarar ginin da kanta ta ƙara wa ma'aikatan nauyi. Abin da nake roƙon hukumar asibitocin jiha shi ne ta mayar da aikin dare mutum biyu aƙalla a kowane ɗaki mai girman wannan, ta ba 'yan sa-kan da suka riga suka san aikin takardar ɗauka, ta cike gurbin duk wanda ya tafi ba tare da jiran shekara ba, ta kuma gyara wa ma'aikata wurin hutu da banɗakinsu. Kuɗin wannan na ƙarshen bai kai na tayil ɗin baranda ba.

Ga wanda ke tunanin kai mara lafiyarsa irin wannan asibitin, shawarata ita ce ya kai, domin aikin likitanci da na jinya da muka samu ya fi abin da aljihunmu zai iya saya a asibitin kuɗi, tsafta ta wadatar, ruwa da wuta ba su yanke ba sai sau ɗaya. Amma ya tafi da mai jinya mai lura wanda zai kwana ido biyu, ya riƙe ɗan littafi yana rubuta lokacin kowace allura da abin da majinyaci ya ci, ya tambayi sunan kowane magani, ya kuma tuna wa ma'aikaciya cikin ladabi idan lokaci ya wuce, domin yawancinsu suna jin daɗin tunatarwar. Ya tanadi tsinken gwajin suga nasa idan mai ciwon suga ne. Idan da hali, a kai mara lafiya da safe a ranar aiki, lokacin da hannaye suka fi yawa.

An sallami Baba ranar kwana na 11 da yatsunsa cif, aka ba mu ranar dawowa bayan mako 2. Da muka koma ƙafar ta kame, likita ya rage magani, sai Baba ya ce ba zai tafi ba sai ya hau ya gaida 'yarsa ta ɗakin maza, ga kuma ƙullin dabino da ya sa aka sayo mata. Mun tarar da shugabar ɗakin, ta karɓi saƙon ta ce za ta isar, domin Sista tana gida tana barci, da dare za ta shigo. Na tambaya ko an kawo mata abokiyar aiki, ta ce sun rubuta, suna jira.